Tarayyar Turai da Rikicin Bin Doka: Daga Jan Kunne Zuwa Riƙe Kuɗi

Tarayyar Turai ƙungiya ce ta ƙasashe 27 masu jama'a kimanin miliyan 450, waɗanda ke gudanar da harkokin hukuma da harsuna 24. Abin da ya bambanta ta da sauran ƙungiyoyin ƙasashe shi ne dokarta tana aiki kai tsaye a cikin kowace ƙasa, kuma idan ta ci karo da dokar gida, ita ake bi. Alƙalin ƙaramar kotu a Fotugal ko Latbiya yana zartar da dokar Tarayya, takardar kamu da kotun Warso ta fitar tana aiki a Dublin, kamfanin Jamus yana dogara da hukuncin kotun Budafes. Duk wannan ya ratayu ne a kan amana guda: cewa kowace ƙasa tana da kotuna masu cin gashin kansu, da zaɓe na gaskiya, da 'yan jaridar da ba sa tsoron gwamnati. Daga 2010 amanar ta fara girgiza. A shekaru goma sha biyar da suka biyo baya, Tarayyar ta sauya salon ladabtar da mambobinta har sau biyu: ta bar jan kunne na siyasa ta koma ga hukuncin kotu, daga nan kuma ta koma riƙe kuɗi.

Giɓin da aka bari tun farko

Ba don kare haƙƙin ɗan Adam aka aza harsashin ƙungiyar ba. Ƙasashe shida ne suka haɗa harkar kwal da ƙarfe a 1951, suka faɗaɗa ta zuwa kasuwar bai ɗaya da yarjejeniyar Roma ta 1957. Batun haƙƙi an bar shi ga kundin tsarin mulkin kowace ƙasa, da kuma kotun Strasbourg, wadda ta wata ƙungiya ce dabam. Sai da kwaminisanci ya faɗi a 1989, ƙasashen Gabashin Turai suka yi layi suna neman shiga, sannan aka ji buƙatar rubuta sharuɗɗa. A taron Kofenhagen na 1993 aka shimfiɗa su: dimokuraɗiyya, bin doka, haƙƙin ɗan Adam, mutunta tsiraru, da tattalin arzikin kasuwa. An yi shekaru ana bin ƙasashen diddigi kafin goma su shiga a 2004, Romaniya da Bulgeriya a 2007, Kuroshiya a 2013. Sai dai tsarin ya zama tamkar makarantar da ke tsananta jarrabawar shiga amma ba ta tanadi dokar korar ɗalibi ba. Ƙasa na iya fita don kanta ƙarƙashin Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayya, kamar yadda Birtaniya ta yi a Janairun 2020, amma babu sashen da ya ba da damar korar ta.

Abin da aka tanada shi ne Sashe na 7, wanda yarjejeniyar Amsterdam ta 1997 ta shigo da shi. Yana ba da damar ƙwace wa ƙasa haƙƙin jefa ƙuri'a idan ta keta ƙa'idojin Tarayya, amma kafin a kai nan sai dukkan sauran shugabanni sun amince ba tare da ko ɗaya ya ja da baya ba. Ƙasashe biyu da suka yi alkawarin kare juna sun isa su mayar da shi takarda kawai. Akwai kuma tabon da ya rage daga 2000, lokacin da jam'iyyar Jörg Haider mai ƙyamar baƙi ta shiga gwamnatin Ostiriya, sauran ƙasashe 14 suka ƙaurace mata. Bayan wata bakwai aka janye matakin, gwamnatin tana nan daram, 'yan ƙasar kuma sun ji an ci zarafinsu. Darasin da shugabannin Turai suka ɗauka daga nan shi ne kada a yi gaggawa, kuma sun riƙe shi fiye da kima.

Rubutun yarjejeniyoyin ma yana ja ta fuska biyu. Sashe na 2 ya jera ƙa'idojin da aka ce kowa ya yarda da su: mutuncin ɗan Adam, 'yanci, dimokuraɗiyya, daidaito, bin doka, da haƙƙin tsiraru. Sashe na 4 kuma ya wajabta wa Tarayya mutunta asalin kowace ƙasa da tsarin mulkinta. Kundin Haƙƙoƙi, wanda aka ayyana a 2000 ya zama doka a Disamban 2009, ya ɗaure ƙasashe ne kawai a lokacin da suke aiwatar da dokar Tarayya. Ke nan duk gwamnatin da aka taka wa burki da Sashe na 2 tana da Sashe na 4 da za ta ɗaga, ta ce yadda take tsara kotunanta harkar cikin gida ce.

Hungari da Polan

A 2010 jam'iyyar Fidesz ta Viktor Orbán ta sami kashi biyu cikin uku na kujerun majalisar Hungari, adadin da ya isa a sauya kundin tsarin mulki. Nasarar tana da dalilai na gida: gwamnatin 'yan gurguzu ta zubar da mutuncinta tun da aka fallasa jawabin firaminista Ferenc Gyurcsány na 2006 inda ya amsa cewa sun yi wa jama'a ƙarya, sannan rikicin kuɗi na 2008 ya jefa iyalai masu yawa da suka ci bashin gida da kuɗin Suwizalan cikin ƙunci. Sabon kundi ya fara aiki a Janairun 2012. An rage ikon kotun tsarin mulki, an kafa hukumar sa ido kan kafofin labarai da jam'iyya mai mulki ta cika da mutanenta, an sake shata mazaɓu. An kuma rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, wanda ya sallami sama da ɗari biyu a lokaci guda.

Yadda Hukumar Tarayyar, wato ɓangarenta na zartarwa, ta tunkari wannan batu na ƙarshe yana nuna raunin wancan zamani. Ba ta kai ƙara kan 'yancin ɓangaren shari'a ba, domin a lokacin ba a tabbatar tana da hurumin yin haka ba. Ta kai ƙara ne kan nuna bambanci saboda shekaru. Ta ci shari'ar a Nuwamban 2012, amma kafin nan an riga an cike manyan kujerun, yawancin waɗanda aka sallama kuma diyya suka karɓa. An yi nasara a kotu, an yi asara a zahiri.

Polan ta bi sahu bayan jam'iyyar PiS ta ci zaɓen 2015. Ba ta da rinjayen sauya kundin tsarin mulki, don haka ta fara da kama kotun da ke fassara shi. A 2018 majalisar dokoki ta karɓe ikon zaɓen alƙalai 15 da ke majalisar naɗa alƙalai ta ƙasa, aka rage shekarun ritaya a Kotun Ƙoli daga 70 zuwa 65, aka kuma kafa sashen ladabtarwa da ke iya hukunta alƙali saboda abin da hukuncinsa ya ƙunsa. Hukumar Tarayyar ta tayar da Sashe na 7 kan Polan a Disamban 2017, Majalisar Dokokin Turai ta tayar da shi kan Hungari a Satumban 2018. An yi ta zaman sauraro shekara da shekaru, ba a taɓa kai ga ƙuri'ar hukunci ba.

Masanin siyasa R. Daniel Kelemen ya nuna cewa Tarayyar da kanta ta taimaka wa wannan yanayi ya ɗore, ta hanyoyi uku. Siyasar jam'iyyu ta ba da kariya: Fidesz ta ci gaba da zama cikin babbar ƙungiyar jam'iyyun masu ra'ayin riƙau ta Turai har zuwa Maris 2021, domin ƙuri'unta suna da amfani a Burasels, hedikwatar Tarayya. Kuɗin raya ƙasa sun ci gaba da kwarara, gwamnati kuma ita ke raba kwangilolin. Hukumar binciken zamba ta Tarayya ta gano kura-kurai masu tsanani a kwangilar fitilun titi da aka bai wa wani kamfani da surukin Orbán ya taɓa mallakar hannun jari a ciki, amma 'yan sandan Hungari suka rufe binciken a 2018 suka ce ba su ga laifi ba. Na uku, 'yancin zirga-zirga ya buɗe wa matasa masu ilimi da suka gaji hanyar tafiya Jamus da Ostiriya, su ne kuwa waɗanda da sun zauna da sun fi kowa ɗaga murya.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan zurfi, wanda bai kamata a raina shi ba. Al'ummar da ta yi shekara arba'in tana karɓar umarni daga Mosko tana da saurin jin haushin duk wani umarni daga waje. Lokacin da ministocin Tarayya suka yanke shawarar raba masu neman mafaka 120,000 tsakanin ƙasashe a Satumban 2015 da ƙuri'ar rinjaye, duk da adawar Hungari, Cek, Sulobakiya da Romaniya, gwamnatocin yankin sun sami hujjar da suke nema: ga Burasels nan tana yanke wa mutane da wa za su zauna. Daga nan aka cakuɗa batun kotuna da batun addini, iyali da baƙi, har ya zama duk wanda ya yi maganar 'yancin alƙalai sai a ce yana yaƙi da al'adar ƙasa.

Kotu, sannan aljihu

Kotun Shari'a ta Tarayya da ke Luksambur ce ta buɗe ƙofar farko. A Fabrairun 2018, a wata ƙara da alƙalan Fotugal suka kai kan rage musu albashi, ta yanke cewa tunda kotunan ƙasa su ne ke zartar da dokar Tarayya, 'yancinsu ya shiga huruminta. Alƙalan Fotugal sun faɗi a shari'arsu, amma ƙa'idar ta tsaya, kuma kowa ya gane Warso ake yi wa hannunka-mai-sanda. Da ita aka tilasta wa Polan mayar da alƙalan Kotun Ƙoli da ta yi wa ritaya. Da aka zo kan sashen ladabtarwa sai gwamnati ta ja daga. A Oktoban 2021 kotun tsarin mulkin Polan, bisa buƙatar firaminista Mateusz Morawiecki, ta ce wasu sassan yarjejeniyar Tarayya sun saɓa wa kundin ƙasar. A watan ne kotun Luksambur ta ɗora wa Polan tarar yuro miliyan ɗaya kullum. Tarar ta taru ta haura miliyan 500, da ƙasar ta ƙi biya aka riƙa cire ta daga kason da take samu.

Warso ta yi ta nuni da cewa kotun tsarin mulkin Jamus ma ta bijire wa Luksambur a Mayun 2020 kan sayen takardun bashi da Babban Bankin Turai ya yi, ba a kuwa ci Jamus tara ba. Akwai bambanci na gaskiya: kotun Jamus mai cin gashin kanta ce, kan batu guda ta yi jayayya, gwamnati kuma ba ita ta aike ta ba. Duk da haka hukuncin na Jamus ya bai wa wasu makami, kuma ya tabbatar da cewa fifikon dokar Tarayya abu ne da kotunan ƙasashe ba su taɓa karɓarsa ɗari bisa ɗari ba.

Sauyi mafi girma ya zo ne da annobar korona. A 2020 ƙasashen sun amince da kasafin shekara bakwai haɗe da asusun farfaɗowa, jimilla kusan yuro tiriliyan 1.8, wani ɓangarensa bashi ne da za a ci da sunan kowa. Ƙasashen da suka fi zuba kuɗi, irin su Holan da na Arewacin Turai, suka ce ba za su tsaya wa bashi ba alhali ba su san kotun da za ta binciki inda kuɗin ya shiga ba. Aka kafa dokar da ta ba da damar dakatar da kuɗi idan keta doka a wata ƙasa na barazana ga kasafin Tarayya, kuma da ƙuri'ar rinjaye ake yanke hukuncin, ba sai kowa ya yarda ba. Hungari da Polan sun hau kujerar na-ƙi kan kasafin a Nuwamba, suka sauka a Disamba, suka kai ƙara, suka faɗi a Fabrairun 2022. A Disamban 2022 aka dakatar wa Hungari yuro biliyan 6.3, wasu biliyoyin kuma aka riƙe su ta wasu hanyoyi. Polan ma aka hana ta taɓa kasonta na asusun farfaɗowa.

Abin da riƙe kuɗi ya haifar

Kuɗi ya motsa abin da nasiha ta kasa motsawa. Hungari ta kafa hukumar sa ido kan almundahana a ƙarshen 2022, ta kuma ƙara wa majalisar alƙalai iko a 2023. Polan ta rushe sashen ladabtarwa a 2022, ko da yake ta maye gurbinsa da wani da masu suka suka ce suna kawai aka sauya. A zaɓen Oktoban 2023, wanda kimanin kashi 74 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka fito, batun biliyoyin da aka riƙe ya zama ɗaya daga cikin manyan makaman 'yan adawa. Donald Tusk ya zama firaminista a Disamba, a Fabrairun 2024 aka buɗe wa ƙasar hanyar samun kusan yuro biliyan 137, a Mayu aka rufe shari'ar Sashe na 7.

Sai dai a nan ne iyakar makamin ta bayyana. An saki kuɗin Polan ne galibi bisa shirin gyara da sabuwar gwamnati ta gabatar, ba bisa dokokin da aka riga aka zartar ba, domin shugaban ƙasa na lokacin, Andrzej Duda, yana da ikon hana su zama doka. Alƙalai sama da dubu biyu da aka naɗa ta hanyar majalisar da ake taƙaddama a kanta suna nan suna yanke hukunci, kuma babu hanya mai sauƙi ta taɓa su ba tare da jefa dubban shari'o'in talakawa cikin shakku ba. Sabuwar gwamnati ta karɓe kafofin labaran gwamnati a Disamban 2023 ta hanyar da lauyoyi da dama, har da masu goyon bayanta, suka ce tana da alamar tambaya. Nasarar Karol Nawrocki, wanda PiS ta mara wa baya, a zaɓen shugaban ƙasa na Yunin 2025 ta ƙara nisanta gyaran. Rushe hukuma aikin 'yan watanni ne. Sake gina ta ba tare da taka dokar da ake son farfaɗowa ba aiki ne da Tarayyar ba ta da kayansa.

Illa ta biyu ita ce ƙa'ida ta zama abin ciniki. A ranar 13 ga Disamban 2023 Hukumar ta sakar wa Hungari yuro biliyan 10.2. Washegari Orbán ya fice daga ɗakin taron shugabanni don a samu amincewa da fara tattaunawar shigar Yukiren. Hukumar ta ce gyaran da aka yi wa ɓangaren shari'a ne ya sa ta saki kuɗin, amma Majalisar Dokokin Turai ba ta gamsu ba, ta maka ta a kotu a 2024. Muddin manufofin waje da kasafi suna buƙatar amincewar kowa, ƙasar da aka riƙe wa kuɗi tana da abin da ita ma za ta riƙe. A Disamban 2023 ɗin ne kuma majalisar Hungari ta zartar da dokar kafa ofishin kare ikon ƙasa, mai hurumin binciken ƙungiyoyi da kafofin labaran da ke samun tallafi daga waje. An gyara inda kuɗi ya taɓa, an ƙara matsawa inda bai taɓa ba.

Illa ta uku ta faɗa kan waɗanda ba su da laifi. Da aka hana jami'o'in Hungari 21, waɗanda gwamnati ta miƙa wa gidauniyoyi masu 'yan siyasa a kwamitocinsu, shiga shirin musayar ɗalibai na Erasmus, ɗalibai da malamai ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu.

Duk da wannan, babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ta nemi fita, kuma ra'ayin jama'arsu ya ci gaba da karkata ga zama cikin Tarayya. Kwatanci da Afirka ta Yamma yana haska dalili. ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin Yulin 2023, ƙarshensa Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice a Janairun 2025. Tarayyar Turai tana iya matsa wa mamba ne saboda abin da mamban zai rasa idan ya fita, wato kasuwa, tallafin noma, kuɗin hanyoyi da damar aiki ga 'ya'yansa, ya fi abin da ake riƙe masa nesa ba kusa ba.

Bambancin wa ake karewa?

Taken Tarayyar tun 2000 yana magana ne kan haɗin kai cikin bambanci, Sashe na 22 na Kundin Haƙƙoƙi kuma ya ce za a mutunta bambancin al'ada, addini da harshe. A aikace, bambancin da ya fi samun kariya shi ne na tsakanin ƙasa da ƙasa, ba na mutanen da ke cikin ƙasa ɗaya ba. A Maris 2017, a shari'ar wata ma'aikaciya Musulma a Beljiyam, kotun Luksambur ta ce kamfani na iya hana sanya hijabi idan dokarsa ta hana duk wata alamar addini ko siyasa. A Nuwamban 2023 ta ba hukumomin gwamnati irin wannan dama, tana mai cewa kowace ƙasa tana da 'yancin zaɓar yadda take fahimtar tsaka-tsakin hukuma. A Disamban 2020 ta amince da dokar yankin Flanders da ta wajabta sumar da dabba kafin yanka, duk da ƙorafin Musulmi da Yahudawa. A shari'o'i biyu na ƙarshe, hujjar ita ce a bar wa ƙasa al'adarta, wato hujjar da aka ƙi karɓa daga Warso da Budafes kan batun kotuna.

Ana iya kare wannan bambanci da cewa kotuna su ne ginshiƙin da komai ya dogara a kai, don haka ba a sassauci a kansu. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta share gaskiyar cewa haƙƙin da ya shafi kasafi da kasuwa ya fi samun mai tsaya masa. 'Yan ƙabilar Roma, kimanin miliyan shida a cikin Tarayya, su ne shaida mafi zafi. Hukumar ta buɗe shari'a kan Sulobakiya a 2015 saboda ware 'ya'yansu a makarantu, ba ta miƙa ta kotu ba sai 2023. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar farko ya kusa gama ƙaramar sakandare kafin nan. Da mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu kan buƙatar dokar kare ƙananan ƙabilu da harsuna, Hukumar ta ƙi gabatar da doka a Janairun 2021. Kisan 'yar jarida Daphne Caruana Galizia a Malta a 2017 da na Ján Kuciak a Sulobakiya a 2018, da murabus ɗin shugaban hukumar tsaron iyakoki ta Frontex a 2022 bayan bincike kan mayar da bakin haure da ƙarfi a tekun Girka, sun nuna matsalar ba ta tsaya ga ƙasashe biyu ba. Rahoton bin doka na shekara-shekara da aka fara a 2020 yana duba dukkan 27 ne don amsa zargin son kai, amma shawara yake bayarwa, ba hukunci ba.

Batun zai ƙara nauyi idan Tarayyar ta faɗaɗa zuwa Yukiren, Moldoba da ƙasashen Yammacin Balkan, domin kowace sabuwar mamba sabuwar kujerar na-ƙi ce. Wani kwamitin masana da Faransa da Jamus suka kafa ya ba da shawara a Satumban 2023 a sauya Sashe na 7 yadda kashi huɗu cikin biyar na shugabanni za su isa yanke hukunci. Amma sauya yarjejeniya yana buƙatar sa hannun kowace ƙasa, har da wadda gyaran zai fara shafa, sannan a wasu wurare sai an yi ƙuri'ar raba gardama. Shi ya sa Hukumar ta sake komawa ga hanyar da ta riga ta buɗe: daftarin kasafin 2028 zuwa 2034 da ta gabatar a Yulin 2025, mai kusan yuro tiriliyan biyu, ya ƙara ɗaure kuɗin da ƙasashe za su karɓa da sharaɗin bin doka da mutunta Kundin Haƙƙoƙi. Shi ma babban tsarin kasafin ba zai zama doka ba sai dukkan ƙasashe 27 sun amince.